Taga ma magani ce: lacca kan iskar gine-gine da cututtukan numfashi



Mutum baligi yana shaƙar iska kamar litir dubu 10 a kowace rana, alhali ruwan da yake sha bai wuce litir kaɗan ba. Ruwan pampo yana da kamfani, yana da ma'aikatan da ke auna tsabtarsa, yana da doka. Naman kasuwa ma sai ma'aikacin dabbobi ya duba shi a mahauta kafin ya hau tebur. Iskar da ke cikin aji, da biro, da kanti, da ɗakin jiran gidan likita kuwa ba ta da mai dubawa, ga shi kuma ta cikinta ne ƙyanda da mura da korona da tarin fuka suke bi daga ƙirjin wani zuwa ƙirjin wani. Wannan lacca za ta tsaya a kan tambayoyi uku: yaya cuta ke tafiya cikin iskar ɗaki, iska nawa ɗaki yake bukata, kuma wane ne ke da alhakin samar da ita.

Yadda cuta ke tafiya cikin iska

Duk lokacin da mutum ya yi tari, ko atishawa, ko magana, ko ma numfashi kawai, ɗigon ruwa yana fita daga bakinsa da hancinsa. Manyan ɗigo suna da nauyi, suna faɗuwa ƙasa kafin su yi nisan metir 1 ko 2. Ƙananan kuwa ido ba ya ganinsu, suna bushewa nan take su zama ɓurɓushi maras nauyi, su yi ta shawagi cikin ɗaki na mintoci ko awoyi. Idan mai numfashin yana ɗauke da ƙwayar cutar da ake kira birus, to tana cikin wannan ɓurɓushi. Misalin da ya fi kusa shi ne hayaƙin taba. Wanda ke kusa da mashayi ya fi shaƙa, amma idan ɗakin a rufe yake, bayan rabin awa har na can lungu warin ya kai masa. A fili kuwa iska tana kwashe hayaƙin kafin ya taru. Bambanci ɗaya ne: hayaƙi yana da wari, ɓurɓushin numfashi ba shi da wari, saboda haka ba wanda yake tashi ya buɗe taga dominsa.

Wannan ilimi ba sabo ba ne. Tun 1934 wani injiniya na jami'ar Harvard a Amurka, William Wells, ya bayyana yadda ƙananan ɗigo ke bushewa su zauna cikin iska. Daga 1956 almajirinsa, likita Richard Riley, ya gwada maganar a wani asibiti na birnin Baltimore. Ya janyo iskar ɗakunan masu tarin fuka ta bututu zuwa saman gini, inda aka ajiye ɓerayen Masar kamar 150. Dabbobin ba su taɓa ganin majinyatan ba, ba su ci abincinsu ba, amma wata bayan wata sai a samu wasu sun kamu. Da aka raba iskar biyu, aka bi da rabi ta ƙarƙashin fitilar da ke kashe ƙwayoyin cuta, ba ko ɗaya da ya kamu cikin dabbobin da suka shaƙi wannan rabi.

Abin da ya faru a ɗakuna uku

A 1977 wani jirgin sama mai mutum 54 ya samu matsalar inji a garin Homer na jihar Alaska. Ya tsaya a ƙasa awa 3, an kashe na'urar da ke sauya iskar ciki, yawancin fasinjoji kuma suna zaune ba su fita ba. Mutum ɗaya ne ke da mura mai tsanani. Cikin kwana 3, kashi 72 cikin 100 na mutanen jirgin sun kwanta.

Ranar 24 ga Janairun 2020, a wani gidan abinci na birnin Guangzhou a ƙasar Sin, iyalai uku da ba su san juna ba suka zauna a tebura uku da ke jere ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki guda. Ɗaya daga cikinsu ya zo daga Wuhan da korona. A ƙarshe mutum 10 na waɗannan tebura aka samu da cutar, alhali masu kai abinci da sauran baƙi na wasu tebura ba su kamu ba. Da masana suka auna, sai suka tarar iskar waje da ke shiga wurin ba ta kai litir 1 a daƙiƙa ga kowane mutum ba. Na'urar tana ta juya iska ɗaya ce a kan tebura ukun.

Ranar 10 ga Maris na shekarar, wata ƙungiyar mawaƙa ta gundumar Skagit a jihar Washington ta yi atisaye na awa 2 da rabi cikin zaure rufaffe. Mutum 61 suka halarta, sun wanke hannu, sun guji gaisawa da hannu. Duk da haka 53 suka kamu da rashin lafiya, 2 suka rasu.

Da waɗannan hujjoji a ƙasa, sai da aka yi jayayya mai tsawo. A Maris na 2020 Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, OMS, ta shaida wa duniya cewa korona ba ta tafiya cikin iska, aka dage kan wanke hannu da goge tebura. A Yulin shekarar masana 239 daga ƙasashe 32, ƙarƙashin jagorancin Lidia Morawska da Donald Milton, suka rubuta mata buɗaɗɗiyar wasiƙa suna neman ta sake duba matsayinta. Sai a ƙarshen Afrilun 2021 ƙungiyar ta rubuta a fili cewa cutar tana yaɗuwa ta iska a ɗakuna masu cunkoso marasa isasshiyar iska. Cikin wannan tsakani an kashe dukiya mai yawa wajen fesa magani a tituna da bangaye, alhali tagogi suna rufe.

Iska nawa ɗaki yake bukata

A Maris na 2021 OMS ta fitar da ma'auni mai sauƙin riƙewa. A biro, da aji, da kanti, da kowane wurin taruwar jama'a, ana son iskar waje litir 10 a daƙiƙa ga kowane mutum. A ɗakin kwanciyar asibiti ana son litir 60 ga kowane majinyaci, a ɗakin da ake keɓe masu cutar da ke bin iska kuwa litir 160.

Ɗan kasuwa ya san lissafi, saboda haka ga shi. A ɗauki aji mai tsawon metir 9, faɗin metir 7, tsayin metir 3, wato yana ɗaukar iska litir dubu 189. Idan yara 60 ne a ciki, suna bukatar litir 600 a daƙiƙa, ma'ana iskar ajin gaba ɗaya ta fita sabuwa ta shigo kamar sau 11 a awa guda. Biro mai metir 4 da 5 da tsayin 3, mai ma'aikata 5, sau 3 a awa ya ishe shi. To amma ranar biyan albashi ko ranar karɓar takardu, idan mutum 20 suka cika shi, bukatar ta koma sau 12. Ke nan girman ɗaki kaɗai ba ya nuna lafiyarsa, sai an haɗa da yawan mutanen da ke ciki da tsawon zamansu.

Yawan sauyin iska shi ne ke yanke tsawon lokacin da cuta za ta zauna bayan mai ita ya fita. Idan iskar ɗaki tana sauyawa sau 1 a awa, sai an yi fiye da awa 4 da rabi kafin kashi 99 cikin 100 na ɓurɓushin ya gushe. Idan sau 6 ne, minti 46. Idan sau 12 ne, minti 23.

Ta ina litir 600 za su fito ba tare da na'ura ba? OMS ta ba da ƙiyasi. Idan iska tana kaɗawa a hankali, gudun metir 1 a daƙiƙa, kuma ɗaki yana da kafa mai faɗin metir 1 da tsawon metir 1 a bango ɗaya, da wata irinta a bangon da ke fuskantarsa, iskar da ke ratsawa ta kai litir 650 a daƙiƙa. Idan kuwa kafar a bango ɗaya kawai take, abin da ke shiga bai wuce litir 50 ba. Bambancin ninki 13 ne, kuma ba ya cin ko dala ɗaya ta wutar lantarki. Iska tana son ƙofar shiga da ƙofar fita. A lura kuma ƙaramar kafar ce ke yanke hukunci: ƙatuwar ƙofa a gaba da ɗan huji a baya, lissafin hujin za a yi. Hanya ta biyu ita ce zafi. Iska mai zafi tana hawa sama, saboda haka kafa a ƙasa da kafa a can kusa da rufi suna jan iska ko da ranar da ganye ba ya motsi.

Akwai kuma hanyar aunawa. Numfashin ɗan Adam yana fitar da iskar gas karbonik, wato CO2. A waje wannan iska kamar kashi 420 ce cikin miliyan, a numfashin mutum kuwa kamar kashi dubu 40. Idan na'urar awo ta nuna 800 a ɗaki, kamar kashi 1 cikin 100 na abin da kowa yake shaƙa ya riga ya fito daga huhun wani. Idan ta nuna 2400, numfashi 1 cikin 20 ke nan. Tun 1858 masanin tsabta na birnin Munich a Jamus, Max von Pettenkofer, ya ce ɗakin da ya wuce 1000 iskarsa ta ɓaci. Na'urar ba ta ganin birus, amma tana nuna ko ɗaki yana numfashi, kuma girmanta bai wuce na wayar salula ba.

Inda maganar ta shafi Nijar

An samu mutum na farko mai korona a Nijar ranar 19 ga Maris na 2020. An rufe makarantu da iyakoki, an sa dokar hana fita a Yamai, kuma duk ɗan kasuwar da kayansa suka tsaya a hanya bai manta da wannan shekara ba. A Mayun 2023 OMS ta ɗage dokar ta-ɓaci kan cutar. Amma cututtukan da ke bin iska sun riga korona zuwa ƙasar nan, kuma suna nan bayanta.

Ƙyanda ita ce kan gaba. Mai ƙyanda ɗaya yana iya shafa wa mutum 12 zuwa 18 a cikin jama'ar da ba ta yi rigakafi ba, kuma ƙwayarta tana iya zama cikin iskar ɗaki har awa 2 bayan maras lafiya ya fita. Uwar da ta kawo jariri awo tana iya shiga ɗakin jira ba ta tarar da kowa ba, ɗanta ya ɗauki cutar yaron da ya tafi gida tun da hantsi. A annobar 2003 zuwa 2004 an ƙidaya fiye da mutum dubu 10 da suka kamu a Yamai kaɗai. A 2011 wasu masu bincike suka wallafa wani aiki kan Yamai da Maraɗi da Damagaram, inda suka yi amfani da hotunan tauraron ɗan Adam na hasken dare domin gane lokacin da birane ke cika. Sun tarar cewa ƙyanda tana tashi ne da rani, daidai lokacin da aka gama girbi ƴan ci-rani suka shigo birni, tana kuma sauka idan damina ta mayar da su gona. Wanda ya san yadda ƴan ci-rani ke kwana, goma ko fiye a zaure ɗaya cikin sanyin hunturu, ƙofa a rufe, ba zai yi mamakin wannan sakamako ba.

Sanƙarau ba birus ke kawo shi a yawancin annobar yankin nan ba, wata ƙwaya ce daban, amma shi ma ta numfashi da kusanci yake bi, kuma lokacinsa shi ne lokacin ƙura da cunkoson ɗaki. A 2015 ya kama mutum kimanin dubu 8 da 500 a Nijar, ya kashe fiye da 500. Tarin fuka kuwa ba shi da lokaci, shekara duka yana aiki a hankali cikin gidajen kaso da ɗakunan haya da ɗakunan jira. A nan wajibi ne a faɗi gaskiya: taga ba ta maye gurbin allurar rigakafi. Maganin ƙyanda na farko shi ne a yi wa yaro allura sau biyu. Amfanin iska shi ne tana rage haɗarin dukan waɗannan cututtuka a lokaci guda, har da wadda ba a riga an san sunanta ba, ba a kuma samo mata allura ba.

Kuskuren da ya fi yawa a biro shi ne ɗaukar sanyi a matsayin tsabta. Na'urar sanyaya ɗaki da ake kira kilim, irin wadda ake maƙala wa bango, ba ta shigo da iskar waje ko kaɗan. Iskar ɗakin take zuƙa, ta sanyaya ta, ta mayar. Domin kada sanyi ya tsere kuma sai a rufe ƙofa, a toshe taga, a ja labule. Sakamakon shi ne ɗakin shugaban ma'aikata, inda ake zaman taro na awa 3 da mutum 15, yana iya fin rumfar masinja da ke bakin ƙofa haɗari. Fanka ma haka take: a ɗaki rufaffe gauraya iska kawai take yi. Tana amfani ne idan taga a buɗe take, musamman idan aka kafa ta a bakin taga tana hura iskar ciki zuwa waje. Manyan motocin safara masu kilim, da ke ɗaukar fasinja daga Yamai zuwa Damagaram, tafiyar kusan kilomita 900, suna cikin wannan hukunci muddin direba ya bar na'urar tana juya iskar ciki.

Akwai wani dalilin da ya sa bai kamata a dogara da na'ura ba. A Agustan 2023, lokacin da Nijeriya ta katse wutar da take sayar wa Nijar, wadda a sannan ta kai kamar kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi, an ga yadda gine-ginen gilashi da ba a yi musu tagar buɗewa ba suka zama tanderu. An maido da wutar a 2024, amma darasin ya zauna: ginin da ba ya numfashi sai da kuran, ranar da kuran ya ɗauke ba shi da iska.

Hujjojin masu rufe taga

Wanda ya rufe tagarsa ba wawa ba ne, yana da dalilai huɗu, kuma kowane yana bukatar amsa.

Na farko ƙura. Iskar hunturu tana tasowa daga arewa maso gabas ɗauke da ƙurar Sahara, wadda ita kanta tana cutar da huhu, tana kuma ɓata hajar mai atamfa da na'urorin biro. Ranar da hazo ya rufe gari, hikima ita ce a rage kafar da ke fuskantar iskar, a bar ta ɓangaren da ke bayanta, a riƙa buɗe duka na minti 5 zuwa 10 a kowace awa, a rage yawan mutane da tsawon zama, wanda ke tari kuma ya sa takunkumi. Bishiyoyi da katanga a gefen gabas suna rage ƙurar kafin ta iso.

Na biyu sauro. Amsarsa raga ce, amma raga tana rage iskar da ke shiga da kamar rabi, saboda haka ajin da ke bukatar kafar metir 1 a kowane gefe sai a ba shi metir 2. Gwaje-gwajen da aka yi a ƙasar Gambiya sun nuna cewa ɗaki mai manyan tagogi masu raga a bangaye biyu ya fi sanyi, kuma sauro ya fi ƙarancin shigarsa, domin iskar numfashin masu barci, wadda ita ce ke kiran sauro, ba ta taruwa. Ɗakin da ya yi sanyi kuma mai shi ya fi yarda ya shiga gidan sauro.

Na uku ɓarawo da idon mai wucewa. Sandunan ƙarfe, da bulo mai huji a saman bango, da tagar ƙarfe mai tsaga-tsaga suna barin iska ta wuce ba tare da mutum ko ido ya wuce ba. Magina na kowane gari sun iya su.

Na huɗu sanyi. A nan akwai haɗarin da ya fi mura saurin kisa: kaskon gawayi a ɗaki rufaffe, ko injin wuta a cikin kanti ko zaure. Iskar da suke fitarwa ba ta da launi ba ta da wari, tana sa mutum barcin da ba ya farkawa. Hayaƙin girki a cikin ɗaki ma, a ƙiyasin OMS na 2020, yana da hannu a mutuwar mutum kamar miliyan 3 a duniya a shekara. Kafar da ke fitar da ƙwayar cuta ita ce ke fitar da wannan hayaƙi.

Ginin da ke numfashi

A 2007 aka wallafa wani bincike da likita Rod Escombe da abokansa suka yi a asibitoci 8 na birnin Lima a ƙasar Peru. Sun tarar cewa buɗe ƙofofi da tagogi kawai yana sauya iskar ɗaki kamar sau 28 a awa, fiye da ninki biyu na sau 12 da ake nema daga ɗakunan keɓewa masu injuna masu tsada. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne tsoffin asibitocin da aka gina kafin 1950, masu dogon rufi da manyan tagogi, sun kai sau 40, na zamani kuwa sau 17. Ga ƙasa mai zafi, mai ƙarancin kuɗi da wuta, wannan albishir ne.

Soron gargajiya na ƙasar Hausa, mai kaurin bango da rufin azara, gwani ne wajen tare zafi, amma tagarsa ƙarama ce. Hakan bai yi illa sosai ba domin rayuwa a tsakar gida da rumfa da gindin bishiya ake yinta, da bazara ma a waje ake kwana. Ginin yau sau da yawa ya ɗauki ƙaramar taga daga soro, ya ɗauki zafi daga kwano, sannan ya tara mutum 60 a ciki daga safe zuwa azahar. Akwai masu zanen gini na yankin nan da suka nuna wata hanya. A 2001 Francis Kéré ya gina makarantar ƙauyensu Gando a Burkina Faso da tubalin ƙasa, ya ɗaga kwanon rufi sama a kan ƙarafa, ya bar kafofi a rufin ciki domin iska mai zafi ta fita ta sama, mai sanyi ta shigo ta tagogi. A 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi kyautar Pritzker, mafi girma a sana'ar. A Dandaji ta jihar Tawa, Mariam Issoufou Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun kammala sabon masallaci da ɗakin karatu a 2018, da tubalin ƙasar wurin da dogon rufi da kafofin iska.

Maganar tana da gaggawa saboda makarantu. A Afrilun 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana a wata unguwa ta Yamai, yara aƙalla 20 suka rasu. A Nuwamban shekarar irinta ta faru a Maraɗi, yara aƙalla 25 suka rasu. Ba mai jayayya cewa dole a maye gurbin azuzuwan zana da gini. Amma ajin zana, duk da haɗarinsa, iska tana ratsa shi. Idan aka musanya shi da akwatin siminti mai gajeren kwano da taga a gefe ɗaya, an tsere wa wuta an faɗa wa zafi da cuta, kuma ginin zai tsaya shekara 40 ko fiye. Wani bincike a yankin Marche na Italiya, kan azuzuwa fiye da dubu 10 a shekarar karatu ta 2021 zuwa 2022, ya nuna cewa inda iskar waje ta wuce litir 10 ga kowane ɗalibi, haɗarin kamuwa da korona ya ragu da fiye da kashi 70 cikin 100.

Alhakin kowa

Wasu ƙasashe sun mayar da maganar doka. Beljiyam ta kafa dokar ingancin iskar wuraren jama'a a Nuwamban 2022. Faransa, daga Janairun 2023, ta wajabta auna CO2 kowace shekara a makarantu da gidajen renon yara, inda 800 ke nuna iska mai kyau, 1500 kuma ke nuna a ɗauki mataki nan take. Nijar ba ta bukatar injunan Turai, amma tana iya rubuta sharuɗɗa huɗu cikin takardar kowace kwangilar aji da gidan likita da biro: tagogi a bangaye biyu masu fuskantar juna, kafa a saman bango, rufi mai tsayi, da adadin mutanen da ɗakin zai ɗauka. Ma'aikacin da ke karɓar gini daga ɗan kwangila ya auna tagogin kamar yadda yake ƙirga buhunan siminti, ya ƙi sa hannu idan an rage su. Hukumomin gari masu ba da izinin gini su nemi haka daga masu gina kantuna da ɗakunan haya da makarantu masu zaman kansu. Kowace ma'aikatar lafiya ta jiha da kowane mai duba makarantu su mallaki na'urar awo ko da guda ce, a riƙa liƙa sakamakon a bakin ƙofa inda iyaye za su gani.

A gidajen likita, gyaran da ya fi araha shi ne a fitar da wurin jira zuwa rumfa mai inuwa, a kuma fara ganin mai tari da mai ƙuraje kafin su zauna cikin jama'a. A biro, a buɗe ƙofa da taga kafin taro da bayansa, a bar taga ɗaya a ɗan buɗe ko da kilim yana aiki, a kuma bar ma'aikacin da zazzaɓi da tari suka kama ya zauna gida ba tare da tsoron shugabansa ba. Mai kanti ya duba ko kwalaye sun toshe tagar baya, ya duba ɗakin da yaransa ke kwana, domin yaron kanti ɗaya da ya kwanta mako biyu ya fi kuɗin fasa bango tsada. Mai motar safara ya umurci direba ya buɗe kafar iskar waje, ya kuma bar ƙofofi a buɗe a kowane zango. Attajirin da ya yi niyyar gina aji ko masallaci ko gidan likita sadaka, ya tambayi magini tun ana zanen ƙasa: ta ina iska za ta shiga, ta ina za ta fita? Tagar da aka sa a kan takarda kusan kyauta ce, wadda aka fasa bayan an gama shafe kuwa sai an biya sau biyu.